Daga Satar Akwati Zuwa Sayen Ƙuri'a

A zaɓukan 2003 da 2007, mai neman mulki a Nijeriya bai cika buƙatar lallashin kowa ba. 'Yan daba su sace akwati, a dangwale takardu a wani gida, a rubuta sakamako. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da bakinsa ya amsa, ranar da aka rantsar da shi, cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu. Da hukumar INEC ta shigo da na'urar tantance katin zaɓe a 2015, sannan ta yi amfani da na'urar BVAS a babban zaɓen 2023, wannan hanya ta yi tsauri, sai kuɗin da ake ba ɓarayin akwati ya koma hannun masu jefa ƙuri'a. Ta wata fuskar ci gaba ne, domin ba a sayen abin da ba shi da daraja.

Cinikin yana somawa tun daga ofishin jam'iyya. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP kuma miliyan 40, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 30,000. Sai zaɓen fid da gwani, inda jaridu suka yi ta ba da labarin rabon daloli ga daliget. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce kada ɗan takarar shugaban ƙasa ya kashe sama da naira biliyan 5, amma dokar da ba a bibiyarta rubutu ce kawai. Kafin talaka ya ga sunaye a takardar ƙuri'a, kuɗi ya riga ya tankaɗe su. Wanda ya zuba irin wannan jari kuwa, da shi da iyayen gidansa, sai sun fanshe.

An fi ɗora laifin a kan talauci, kuma da gaskiyar masu faɗa. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, mafi yawansu a Arewa. Matar da ta kwana da yunwa ba za ta raina taliya da sabulu da turmin atamfa ba. Sai dai talauci kaɗai bai isa bayani ba. Talakawan da suka bi Malam Aminu Kano a NEPU da PRP ba su fi na yau wadata ba, kuma ɗauri da duka suka sha. Gabanin zaɓen 2015 masu ƙaramin ƙarfi ne suka riƙa sayen kati suna tara wa Buhari gudummawa. A ganina abin da ya fi yunwa tasiri shi ne yanke ƙauna: mutum ya gama yarda cewa daga ranar zaɓe ba zai ƙara ganin ɗan takarar ba, don haka gara ya karɓi rabonsa tun da rana.

Wasu na ba da shawarar a ci kuɗinsu a zaɓi cancanta. Maganar da daɗin ji, amma 'yan siyasa ba su kwana a nan ba. Sun koma sai ka nuna inda ka dangwala kafin a biya ka, abin da ya sa INEC ta hana shiga wurin dangwale da waya tun 2018. Canjin kuɗin da Babban Banki ya yi dab da zaɓen 2023 ma, wanda aka ce zai karya masu sayen ƙuri'a, talaka ya fi jigatawa a layin banki.

Inda kuɗi bai kai ba, sai a jawo addini da ƙabila. Sojojin baka a gidajen rediyo, da takwarorinsu na Facebook da TikTok, zagi da ƙage suke sayarwa, wasu masu wa'azi kuma su mai da mumbari dandalin kamfe. An ga ƙarshen irin wannan a 2011, lokacin da rikicin bayan zaɓe ya ci rayuka sama da 800 a jihohin Arewa. Yarjejeniyar zaman lafiya da kwamitin Janar Abdulsalami Abubakar yake sa 'yan takara su sa wa hannu ta rage zafi, amma ba ta ɗaure bakin 'yan kanzagi.

Babbar asarar ita ce abin da hayaniyar take binnewa. A 2023 Bola Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi duk sun faɗa a fili cewa za su cire tallafin man fetur. Wata da watanni ana musu a majalisu kan tikitin Musulmi da Musulmi da kuma yankin da ya kamata mulki ya koma, ba a tsare su da tambayar yaushe za a cire ba, ko me aka tanadar wa ɗan acaɓa da manomi. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire, litar da take ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sai aka shiga salati kamar ba a taɓa jin zancen ba.

Alhali abin auna 'yan takarar yana nan a fili. Tinubu ya mulki Legas shekara takwas, Obi ya mulki Anambra, Kwankwaso, wanda shi ma ya yi takara, ya mulki Kano sau biyu, Atiku ya yi Mataimakin Shugaban Ƙasa daga 1999 zuwa 2007. Ana iya tambayar ma'aikata ko an biya su albashi da fansho, a duba makarantu da asibitocin da suka bari, da bashin da suka ciwo, da mutanen da suka kewaye su, tunda daga cikinsu ministoci za su fito. Wanda ya guje wa muhawara shi ma ya faɗi wani abu game da kansa.

Mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista a 2023, amma kusan kashi 27 cikin 100 kacal suka fito, kuma wanda ya ci da ƙuri'a miliyan 8.8 ya ci. Sauran sun zauna a gida, da yawansu don sun gaji da wannan ciniki. Zamansu kuwa sauƙi ne ga mai saye, domin ƙuri'un da zai biya kafin ya yi rinjaye sun ragu.