Kimiyya ko 'At': Zaɓin da ke sauya burin yaro tun yana ɗan shekara 15

Duk shekara idan aka koma makaranta a watan Satumba, akwai wata takarda da ake liƙawa a allon sanarwa, ko a karanta ta a taron safe, a makarantun sakandaren Najeriya. Ita ce ke raba yaran da suka gama aji uku gida uku: ajin kimiyya, ajin adabi da zamantakewa wanda yara ke kira "at", sai kuma ajin kasuwanci. Yawancin masu suna a jikin takardar ba su wuce shekara 14 zuwa 16 ba.

A ranar abin kamar wasa ne, sauyin aji kawai. Sai bayan shekara uku, lokacin cike fom ɗin JAMB, ake ganin nauyinsa. Mai son karatun likita dole ya rubuta Turanci da bayoloji da kemistiri da fiziks. Mai son injiniya sai da lissafi da fiziks da kemistiri. Mai son zama lauya kuwa ana neman adabin Turanci a cikin darussansa. Duk darasin da yaro ya ajiye a aji huɗu, ya ajiye shi ne tare da jerin ayyukan da ke bayansa, ko ya sani ko bai sani ba.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: a wannan mako, wa ya yi zaɓin?

Murya uku kafin ta yaro

A makarantu da yawa maki ne ke fara magana. Wanda ya yi ƙoƙari a lissafi da kimiyyar aji uku a tura shi kimiyya, wanda bai yi ba a tura shi ɗaya ɓangaren. Ma'ana, ba a tambayar yaro me yake so, ana duba me ya kasa ne. Daga nan ajin adabi ya samo sunan da bai cancanta ba, na matattarar waɗanda aka tace aka bari.

Murya ta biyu ta gida ce. Akwai yaran da tun suna firamare ake kiran su "Dakta" a tsakar gida, har sunan ya bi su. Uba ya faɗa a majalisa, uwa ta faɗa a gidan biki, kawu ya yi alƙawarin kuɗin makaranta. Yaron da aka raina shi da biyayya, ranar da zai ce "Baba, ni fa ba na gane kemistiri" ji zai yi tamkar ya saɓa wa mahaifinsa ne. Sai ya yi shiru. Shirun nan kuwa iyaye sukan ɗauke shi a matsayin amincewa.

Ba don mugunta iyaye ke haka ba. Mutumin da ya kwana a kan benci a asibitin gwamnati yana jiran likita ɗaya da ke duba ɗaruruwan mutane, ya san dalilin da ya sa yake son ɗansa ya zama likita. Yana kuma ganin masu digiri suna tuƙa adaidaita sahu, don haka yake neman karatun da yake ganin ba ya barin mai shi da yunwa.

Ta uku ita ce ta abokai, kuma ita ce manya suka fi raina ƙarfinta. A wannan shekaru, rabuwa da aminin da aka zauna benci ɗaya da shi shekara uku ba ƙaramin abu ba ne. Yaro zai iya zuwa ofishin mataimakin shugaban makaranta ya roƙi a sauya masa aji, ba don ya hango wani aiki ba, sai don duk 'yan rukuninsu suna can. Wata kuma ta gudu daga kimiyya saboda yayyenta na aji shida sun tsorata ta da malamin fiziks.

Yadda kimiyya ta samu wannan kwarjini

A Kano, alal misali, abin yana da tarihi. A 1977 gwamnatin jihar ta buɗe makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, saboda jihar na fama da ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa. Ana tace yara da jarrabawa kafin a ɗauke su, kuma makarantun sun yaye ɗimbin likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a da ake alfahari da su har yau. Tsarin ya yi aikin da aka kafa shi dominsa.

Sai dai ya bar wani tunani a zukatan mutane wanda ba a yi niyya ba: cewa mai ƙwaƙwalwa kimiyya yake yi, saura kuwa su je su yi abin da ya samu. Ana maimaita wannan a gida da makaranta, har yaran da kansu suka haddace shi. Za ka ji ɗan ajin adabi da aka tambayi me yake karanta ya amsa da "at ne kawai", yana sunkuyar da kai.

Wannan "kawai" ita ce matsalar. Yaron da ya yarda cewa an ajiye shi a aji ne saboda ba shi da kai, ba zai yi burin zama alƙalin kotun ƙoli ba. Zai yi burin ya gama a ba shi takarda ya huta.

Abin da ake gaya wa yaro, shi yake zama?

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe suna bin diddigin wannan. A 1968 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a wata firamare a jihar Kalifoniya ta Amurka. Sun ba malamai sunayen wasu yara, suka ce jarrabawa ta nuna waɗannan za su yi fice a bana. Alhali sunayen da ka aka tsinto su. A ƙarshen shekara, yaran da aka ambata sun fi 'yan uwansu ci gaba, musamman a ƙananan azuzuwa. Wasu masana sun soki yadda aka gudanar da gwajin, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna tasirin bai kai girman da aka fara zato ba. Amma dai tasirin yana nan: malamin da ke sa ran alheri daga yaro yakan ƙara ba shi lokaci, ya ƙara haƙuri da kuskurensa, ya ƙara jefa masa tambaya.

To a juya wannan a duba ajin da malami ke shiga yana cewa "ku dai ba a sa ran komai daga gare ku". Ko gidan da ake kwatanta yaro da ƙaninsa kullum a gaban baƙi. Shekara uku ana zuba wannan a kunnen ɗan shekara 15.

Ɗan ajin kimiyya ma bai tsira ba, nasa ciwon daga baya yake zuwa. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, tana ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban likitanci da za ta ɗauka, masu nema kuwa sun ninka guraben sau da yawa. A sakamakon farko na jarrabawar JAMB ta 2025, cikin ɗalibai kusan miliyan 1.9 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Daga baya hukumar ta amsa cewa an samu tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, ta sake musu jarrabawar. Amma kafin a yi wannan bayani, yara da yawa sun riga sun kwana suna ganin kansu a matsayin daƙiƙai.

Wanda aka kira "Dakta" shekara goma, idan jami'a ta ba shi ilimin tsirrai ko na dabbobi, ba ya ganin kwas ɗin a matsayin ilimi mai amfani da za a iya gina rayuwa a kai. Gani yake an kore shi. Wasu su karɓa suna ƙunci, su yi shekara huɗu ba da zuciya ɗaya ba. Wasu su ƙi, su sake JAMB sau biyu, sau uku, ƙannensu na wuce su. A tsakanin nan ne zaman majalisa ke tsawo, kuma a nan ne wasu ke haɗuwa da abokan da ke da maganin "mantuwa" a aljihu.

Na 'yan mata ya fi sarƙaƙiya

Yarinya tana da duk waɗannan muryoyi, sannan da ƙari. Tana aji biyar ake fara yi mata lissafin shekaru: likitanci shekara shida ne, ban da yajin aiki, yaushe za ki yi aure? Wata goggo ta ce koyarwa ta fi dacewa da mace, tunda ana tashi da wuri. Idan akwai mai zuwa zance, ra'ayinsa kan karatunta yakan fi na malamin ajinta nauyi, duk da cewa shi ba a tabbatar ma zai aure ta ba. Yarinya mai ƙoƙari za ta iya rage burinta da kanta, ba wanda ya tilasta ta, don kawai kada a ce ta fi ƙarfin miji.

Abin mamaki, al'ummar da ke wannan lissafi ita ce kuma ke neman likita mace ruwa a jallo idan matar gida za ta haihu.

Wani bincike daga Indiya ya nuna yadda abin da yarinya ke gani da idonta ke taɓa burinta. Tun 1993 dokar ƙasar ta keɓe wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun shugabancin majalisun ƙauyuka. Wasu masana, cikinsu har da Esther Duflo wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, sun bi ƙauyuka kusan 500 a jihar Bengal ta Yamma, suka wallafa sakamakon a 2012. A ƙauyukan da mace ta yi shugabanci sau biyu, burin 'yan mata ya matso kusa da na maza, haka ma burin da iyaye ke yi musu, kuma tazarar da ke tsakaninsu a karatu ta rufe. Ba wa'azi aka yi musu ba. Mace suka gani a kan kujera.

Mu ma muna da irin waɗannan, ba a dai cika kai labarinsu aji ba. Mai shari'a Aloma Mariam Mukhtar ita ce mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2012. Mai shari'a Zainab Bulkachuwa ita ce mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara. Hanyar da suka bi, ta ajin da ake rainawa take farawa.

Haka a ɓangaren maza. Abubakar Adam Ibrahim aikin jarida ya karanta a Jami'ar Jos, kuma a 2016 littafinsa ya ci kyautar adabi ta NLNG mai dala 100,000. Jelani Aliyu na Sakkwato yaro ne mai son zane, irin wanda a wasu gidajen za a ce yana ɓata littafi. Ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, ya tafi Amurka ya koyi zanen mota a Detroit, ya yi aiki da General Motors inda ya zana motar Chevrolet Volt. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsara da bunƙasa motoci ta ƙasa.

Ba ana cewa kowane yaro mai zane zai kai Detroit ba. Amma yaron da bai taɓa jin cewa zanen mota aiki ne da ake biyan mutum a kansa ba, ta ina zai yi burinsa?

Kujerar da babu kowa a kai

Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a samu malaman ba da shawara kan karatu da sana'a a makarantun sakandare. Aikinsu ke nan: su zauna da yaro kafin a liƙa waccan takarda. A makarantun gwamnati da yawa, ko dai babu mai wannan aiki, ko kuma an ɗora wa wani malami da ke da azuzuwa shida a rana, ofishin nasa kuma ya koma wurin hukunta masu makara. Sai wayar hannu ta cike gurbin. A TikTok da Instagram yaro na ganin ƙarshen labari ne, mota da gida da Dubai, ba ya ganin hanyar.

A ganina, gyaran da ya fi sauƙi ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Uba ko yaya ya tambayi yaro wane darasi ne idan ana yin sa ba ya duba agogo, ya kuma jira amsa ba tare da ya ba shi ita ba. A kai shi ya wuni a wurin mai aikin da yake sha'awa, ko asibiti ne, ko kotu, ko gidan rediyo, ko shagon gyaran waya a Farm Centre, ko wurin maƙera a Panteka. Wuni ɗaya a ɗakin gwajin jini ya isa ya nuna wa wani yaron cewa farar rigar yake so, ba aikin ba. Wani kuma ya dawo ya ƙara ƙaimi.

Ga wanda aka riga aka raba, ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba, amma tana ƙara tsukewa kowane zango. Sauya aji ya fi sauƙi a zangon farko na aji huɗu, kafin a yi nisa a manhaja. Ɗan kimiyya yakan iya juyawa zuwa wasu kwasa-kwasan zamantakewa idan yana da darussan da ake nema. Ɗan adabi da ya gano daga baya kimiyya yake so, sai ya koyi fiziks da kemistiri da bayoloji daga tushe, ya zauna WAEC ko NECO ta masu zaman kansu. A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar cewa kiredit a lissafi ba sharaɗi ba ne ga masu neman kwasa-kwasan adabi a jami'a, ko da yake ta ce har yanzu dole kowane ɗalibi ya zauna jarrabawarsa.

Jerin darussan da kowane kwas ke buƙata a kowace jami'a yana cikin kundin JAMB da ke shafinta na intanet, kyauta, kuma ana iya buɗe shi a waya. Yawancin gidaje sai yaro ya kai aji shida suke duba shi. Lokacin da ya fi amfani shi ne hutun ƙarshen aji uku.