Ƙoda ba ta kuka da wuri

Ƴan uwa masu karatu na ƙasar Tasawa da Mayayi, yau zancenmu a kan ƙoda yake. Kowannenmu yana da guda biyu. A cikin kowace akwai ƴan matatai wajen miliyan ɗaya, masu tace ruwan jini kimanin lita 180 a yini, su maida kusan duka cikin jiki, su bar lita ɗaya da rabi ta fita fitsari.

Wani likita na jami'ar Harvard a Amurka, Joseph Bonventre, ya share sama da shekara 40 yana bin tambaya guda: me ke samun ƙwayoyin halittar ƙoda idan jini ya rage isa gare su, ko guba ta taɓa su? A 1998 shi da abokan aikinsa suka gano wani sinadari, KIM-1, wanda ƙwayoyin ke fitarwa da zarar sun ji rauni. Sun fara ganinsa a ƙodar ɓera. A 2002 aka same shi a fitsarin majinyata.

Abin da ya fi shafarmu ke nan: ƙwayoyin da suka tsira suna iya hayayyafa su cike gurbin waɗanda suka mutu, idan an tsaida cutar da wuri. Amma rauni bisa rauni tabo yake bari, tabo kuwa ba ya tace jini.

To, ina raunin yake fito mana? Manomi ya wuni yana huɗa ko girbin hatsi cikin rana, gumi na zuba, gora babu ruwa. Da marece jiki ya yi tsami, sai ya sayi ƙwayar ibuprofen ko diclofenac a hannun mai talla ya haɗiye. Ƙishirwa ta riga ta rage wa ƙoda jini, ƙwayar ta ƙara ragewa. Haka zawo da amai ke yi wa yaro, haka masassarar cizon sauro mai tsanani. Ga kuma tsargiya da yara ke ɗauka a tafkunan damina, wadda wasu iyaye har yanzu ke ɗauka alamar balaga ce.

Wankin ƙoda da inji akwai shi a asibitin Lamorde a Yamai, amma tafiyar ta fi kilomita 700, kuma ba wankin rana ɗaya ba ne.

Mu tafi gona da ruwa isasshe, mu sha tun kafin ƙishirwa. Idan fitsari ya ragu, ko ya zo da jini, ko fuska da ƙafafu suka kumbura, a kai mutum likita a ranar, a kuma faɗa wa malamin asibiti duk ƙwaya da sassaƙen da ya sha.