Ƙugiya Kafin Fanka: Rataye Fankar Sama a Benayen N'Djamena

Daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana a N'Djamena kan haura digiri 40, kuma mai kwana a hawan ƙarshe na bene shi ya fi kowa jin jiki. Kankaren da ke bisa kansa wuni yake yana shan rana, da dare kuma ya riƙa sako zafin cikin ɗaki. Na'urar sanyaya ɗaki ba kowa ke iya riƙe ta ba, domin ƙaramarta ma tana cin wat kusan 1,000, alhali fankar sama mai inci 56 ba ta wuce wat 70 zuwa 80. A garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, gidaje da dama suka dogara da sola ko janareta, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

A gida mai rufin kwano aikin da sauƙi: a gicciya katako mai kauri tsakanin katakan rufi, a ɗaure ƙugiya, shi ke nan. Bene kuwa wani abu ne daban.

Fanka ba ta da nauyi sosai, kilo biyar ne zuwa bakwai. Matsalar ita ce nauyin ba ya zaune wuri ɗaya. Tana juyawa ɗaruruwan sau a minti guda, tana girgiza abin da ke riƙe da ita dare da rana. Ƙusar da za ta riƙe fitila shekara goma, fanka za ta iya sassauta ta cikin 'yan watanni. Shi ya sa magini mai hankali ke tunanin fanka tun kafin a zuba kankare. Yakan lanƙwasa guntun rodi mai kaurin milimita 10 ko 12, ya sarƙe shi cikin rodin dekin, ya bar bakinsa ya leƙo ƙasa a tsakiyar ɗaki, bututun waya kuma a gefensa. Idan kankare ya kama, ƙugiyar ta zama ɓangaren ginin.

To, idan an manta fa? Nan ne ake yawan kuskure. A ƙasashen da Faransa ta rena, har da Chadi, ana yawan yin dekin da bulo mai rami: a jera ƙananan bim na kankare, a cike tsakaninsu da bulon, sannan a zuba kankare siriri a sama. Bayan an yi filasta, daga ƙasa duk abu ɗaya ido ke gani. Mai wayarin da ke sauri sai ya huda inda ya ga dama, ya cusa roba da sukuru, ya rataye fanka a jikin bulon da cikinsa iska ce. Ranar farko lafiya lau. Wanda ya san aikinsa kuwa zai ɗauki guduma ya bi silin yana ƙwanƙwasawa. Inda ya ji ƙara kamar ta ganga, rami ne. Inda ƙarar ta toshe, nan bim yake, kuma nan zai sa ƙusar ƙarfe irin mai buɗewa a cikin kankare idan an ɗaure notinta. Ko da wurin ya kauce wa tsakiyar ɗaki da taƙi ɗaya, gara haka.

Silin ɗin ado na filasta ko na roba da ake yayi a sababbin gidaje ba ya ɗaukar fanka ko kaɗan. Sai dai a zuro sanda daga kankaren sama ta ratsa shi.

Sai batun tsayi. Fukafukan su kasance aƙalla mita 2.3 daga ƙasa, kada mai miƙa ko mai ɗaga yaro ya gamu da su. Kada kuma su manne wa silin: a bar santimita 25 zuwa 30, domin ta nan fanka ke jawo iskar da take turowa. A hawan ƙarshe ma gara sandar ta ɗan fi haka tsawo idan ɗakin ya ba da dama, tun da iskar da ke jikin kankare ita ce mafi zafi. Tsakanin bakin fiffike da bango a bar rabin mita. A saman sandar akwai ƙusa da noti da wani ɗan fin da ke hana notin warwarewa. Masu aiki da yawa kan jefar da shi, alhali shi ne mai gadin duka.

Wutar Chadi volt 220 ce, saboda haka fankar da aka sayo a Kano ko Maiduguri aka ƙetaro da ita ta garin Kuseri za ta yi aiki ba gyara. Idan ta fara nawa, sai an tura ta da sanda kafin ta tashi, galibi kafasita ce ta mutu, ba injin ba, kuma canza ta ba tsada. Idan rawa take yi, a duba ƙurar hunturu da ta taru a fukafukai, ko ɗaya ya lanƙwashe. Mai sola kuma ya nemi sababbin fankoki masu cin wat 30 zuwa 35, batirinsa zai kai shi asuba.

Abu ɗaya da ya kamata a sani: fanka ba ta sanyaya ɗaki, gumin jiki take busarwa, shi ne mutum ke jin sanyi. Barin ta tana juyawa a ɗakin da ba kowa asarar wuta ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi gargaɗin cewa idan zafi ya wuce digiri 40, iskar fanka na iya ƙara wa jiki zafi. A irin wannan rana a jiƙa zane a yafa, a sha ruwa, da dare a buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna.

Mai gini a unguwar Farcha ko Diguel da bai zuba dekin ba tukuna, ya tsaya a kan magini ya ga ƙugiya a kowane ɗaki kafin motar kankare ko masu kwaɓa su fara. Ɗan haya kuma, kafin ya shimfiɗa wa 'ya'yansa katifa a ƙarƙashin fanka, ya tambayi mai gida a jikin me aka rataye ta.