CIWON MARA NA 'YAN MATA: ABIN DA RAJISTAR AJI TA NUNA MINI A ƘASAR JIBIYA

Duk wanda aikinsa ya shafi duba makarantu ya san littafin da a ke fara nema in an isa, watau rajistar kiran suna. A wani rangadi da na yi a ƙasar Jibiya na sauka wata makaranta, na karɓi rajistar babban aji, ina bin sunaye da bakin alƙalami, sai idona ya tsaya kan sunan wata yarinya. Zuwanta makaranta ba shi da aibi, amma ko wane wata sai ka ga alamar fashi ta kwana biyu ko uku a jere, sa'an nan ta dawo. Na ƙirga tsakanin fashi da fashi, na sami kusan mako huɗu huɗu. Na tambayi malamin ajin, ya ce ai lalaci ne, kuma har ya hore ta a kai ba ta daina ba. Da na kai maganar wurin wata malama dattijuwa, ta dube ni ta ce, "Malam, ashe kai ma sai an faɗa maka? Ciwon mara ne na al'ada. Ranar da ya taso mata ko miƙewa ba ta iyawa."

Na ji kunya ƙwarai, gama na yi shekaru a kwalejin horon malamai ina koyar da kiwon lafiya, da tsabtar jiki da ta gida, ban taɓa tsayawa kan wannan babi ba. 'Yan matanmu sun san hukuncin haila tun daga Ahalari, sun san ranar da za su bar salla da ranar da za su yi wanka, amma ciwon da ke tafe da ita ba mai koya musu kome a kansa. Uwa ta ce a daure, haka ita ma ta yi. Uba kuwa ba a gaya masa.

To, ga lissafi ga akawuna. Yarinyar da ta ke fashin kwana biyu a wata, cikin wata tara na karatu ta yi asarar kwana 18, watau fiye da mako uku da rabi na makaranta. In abin ya faɗo a makon jarrabawar WAEC ko NECO, wahalar shekara shida ce ta ke cikin hatsari saboda kwana biyu.

Ciwon nan ba raki ba ne, ba kuma iska ba ce. Mahaifa tsoka ce mai ƙarfi. Ko wane wata ta kan yi shimfiɗa a cikinta domin karɓar ciki, in ciki bai samu ba sai shimfiɗar ta saɓule ta fita tare da jini. Abin da ke sa mahaifa ta matse don ta fid da ita wani sinadari ne da jiki ke yi, likitoci na kiransa furostagilandin. In ya yi yawa, mahaifa ta kan murɗa da ƙarfi har ta matse jijiyoyin da ke kai mata jini, daga nan ciwon ya ke tasowa, ya riƙe mara, ya sauka ƙugu da cinyoyi. Shi ne kuma ke jawo tashin zuciya, da amai, da zawo, da ciwon kai, domin yana taɓa hanji da jijiyoyi dabam dabam. Wani masani a ƙasar Ingila mai suna Pickles shi ya fara gano cikin 1957 akwai wani abu a jinin haila mai sa tsoka ta murɗa, cikin 1965 kuma aka tabbata furostagilandin ne, aka kuwa ga ya fi yawa ga mata masu fama da ciwon. Cikin 1971 John Vane ya nuna cewa asfirin da danginsa suna aiki ne ta hanyar hana jiki yin wannan sinadari, abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel cikin 1982. Saboda haka malamin da ya ce yarinya ƙarya ta ke yi, ya sani gardama ya ke yi da abin da aka auna aka tabbatar tun kafin a haife shi.

Irin wannan ciwo ya kan fara cikin shekara ɗaya ko biyu bayan yarinya ta soma al'ada. Ya kan zo kafin jini da kaɗan ko tare da shi, ya tsananta a ranar farko, ya lafa cikin kwana biyu zuwa uku.

Maganin da ya fi dacewa da shi shi ne wanda ke tare sinadarin nan tun daga tushe, kamar ibuprofen, da naproxen, da mefenamic acid wanda a kemis aka fi sani da Ponstan. Ibuprofen ba baƙo ba ne, tun 1969 ya shiga hannun likitoci a Ingila, kuma yana da araha. Amma akwai dabara wurin shansa, a nan ne mutane da yawa ke kuskure. Ba a jira sai ciwo ya kwantar da mutum. Da an ji alamarsa ko an ga jinin farko a ke sha, domin ƙwayar tana hana a yi sabon sinadari ne, ba ta kwashe wanda ya riga ya taru. Babbar mace kan sha miligiram 400 har sau uku a yini, bayan ta ci abinci, kwana biyu ko uku, kada ta wuce haka sai da izinin likita. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai ciki, da wadda fuka ke tasar mata in ta sha irin waɗannan ƙwayoyi, su nisance su, su tambayi malamin asibiti. Farasitamol ya fi sauƙi ga ciki amma bai kai su ƙarfi a wannan ciwo ba. Asfirin kuwa yana iya ƙara zubar jini, ba a kuma ba yaran da ba su kai shekara 16 ba. Kada kuma a haɗa biyu daga dangin ibuprofen lokaci ɗaya don a ce a sami ƙarfi, ciki a ke ƙonawa.

Ɗumi yana taimako sosai, kuma ba ya cin kuɗi. A zuba ruwan zafi a kwalba, a toshe, a naɗe da zane don kada ya ƙona fata, a ɗora a mara. Motsa jiki a sauran kwanakin wata, ko tafiya ce da sauri, yana rage tsananin abin ga mata da yawa. Ruwan citta da iyayenmu mata ke dafawa an gwada shi an ga yana da ɗan amfani, ba ni da ja a kansa. Inda na ke da ja shi ne kanwa. Na san matsayinta a gidajenmu, jar kanwa da ungurnu tun zamanin fatake su ke shigo mana, kuma kusan ko wane ciwon ciki ita a ke jiƙa wa mutum. Amma kanwa gishiri ce mai nauyi, ba ta taɓa sinadarin da ke sa mahaifa murɗawa, yawan shanta kuma yana ɗora wa zuciya da ƙoda kaya.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki Jibiya musamman. Garin yana kimanin mil 30 daga Katsina, a kan hanyar Maraɗi. Ana wuce kwastan a Magama, a shiga Ɗan Isa a ƙasar Nijar. Jama'ar ɓangarorin nan biyu dangi ne, aure ya haɗa su, kasuwa ta haɗa su, ranar Lahadi kuwa kasuwar Jibiya ta kan cika da mutanen ƙasashen biyu. An rufe iyakar cikin 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai 2022, aka sake rufewa cikin 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe cikin 2024. Duk wannan bai hana ƙwayoyi yawo ba, gama hanyar daji ba ta da ƙofa. A tasha da bakin kasuwa za ka ga mai tallan magani da faranti a ka, rana na dukan ƙwayoyin tun safe, waɗansu an cire su daga kwalinsu an ƙulla a leda, waɗansu rubutunsu da Faransanci, waɗansu ba rubutu sam. Yarinya mai jin kunyar faɗa wa uba ko zuwa asibiti, wurinsa ta ke aika ƙanenta da 'yan kuɗi a ce a ba da maganin ciwon mara. Shi kuwa ya haɗa mata launi uku ko huɗu, bai tambayi shekarunta ba, bai san ko tana da gyambon ciki ba.

Mafi muni a ciki shi ne tiramadol. Yana kashe zafi, gaskiya ne, amma dangin ƙwayoyi ne masu kama mutum, ba ya kuwa taɓa tushen ciwon. Wadda ta saba da shi kwana uku a wata, ba wuya ta koma nemansa ran da ba ta da ciwo. Haka maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi cikin 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa, mata a ciki. Abin da zan roƙi malamai su koya wa yara shi ne: a sayi magani a kemis mai rajista, cikin kwalinsa, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, a kuma san sunan abin da a ke haɗiya.

Akwai wata magana da na sha ji daga bakin iyaye, wai ciwon mara ba shi da magani sai aure. Da wannan hujja an cire yara daga aji. Gaskiyar da ke ciki kaɗan ce: ciwon ya kan ragu ga mata da yawa in shekaru sun ƙaru, ko bayan haihuwa. Ɗaurin aure shi kansa ba ya sāke kome a mahaifa, akwai matan aure da 'ya'yansu da ke fama da shi har yau. Ciwon da ƙwayar kuɗi kaɗan da kwalbar ruwan zafi ke kwantarwa bai isa a sallamar da karatun yarinya dominsa ba.

Ko da shi ke haka, ba ko wane ciwon mara ne na al'ada kurum ba, wani alama ce ta cuta a ɓoye. In ciwon ya fara ne bayan mace ta yi shekaru tana al'ada lafiya, ko yana ƙaruwa wata bayan wata, ko yana wuce kwanakin jini, ko an sha magani yadda ya kamata wata uku bai ji ba, to, sai asibiti. Haka in jini ya wuce kwana bakwai, ko yana jiƙa ƙunzugu ko auduga ko wace sa'a ɗaya ko biyu, ko yana fita da manyan gudaji, domin wannan yana ƙarar da jinin jiki, sai ka ga yarinya ta ɗashe, tana jiri, ba ta fahimtar karatu. Zazzaɓi tare da ruwa mai wari alamar ciwon sanyi ne da ya hau mahaifa, in an bar shi yana iya toshe hanyar haihuwa. Matar aure da al'adarta ta yi jinkiri sa'an nan ciwo mai tsanani ya kama ta a gefe ɗaya, a kai ta asibiti nan take ko da tsakar dare ne, gama yana yiwuwa ciki ne ya zauna a wajen mahaifa, yana kuwa kisa.

Cikin cututtukan da ke ɓuya a bayan wannan ciwo akwai ƙarin mahaifa, wanda ya fi yawa ga matan baƙar fata, akwai kuma wadda a ke kira endometiriyosis, inda nama irin na shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a wajenta, ko wane wata ya kumbura ya yi jini ba shi da mafita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana damun kimanin mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa, watau mata wajen miliyan 190. Mata da yawa su kan yi shekaru kafin a gane ta, don kowa na ce musu haka al'ada ta ke. Akwai babban asibiti a Jibiya, nan za a fara. In abin ya fi ƙarfinsu su kan tura Katsina, inda akwai asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa da asibitin koyarwa na Tarayya, a yi hoton ciki. Likita na iya rubuta ƙwayoyin da ke daidaita sinadaran al'ada, irin waɗanda a ke ba da tazarar haihuwa da su, suna rage ciwo da jini, ba su kuma hana haihuwa bayan an daina.

Waɗansu ƙasashe sun sa abin cikin doka. Japan ta ba mata ma'aikata izinin hutun haila tun 1947, Zambiya ta ba su kwana ɗaya a wata cikin dokar 2015, Sifen ta bi cikin 2023. Mu ba sai mun jira doka ba. Ko wace makaranta mai 'yan mata ta keɓe malama ɗaya wadda yara za su iya faɗa wa ba tare da an ji ba. A sami ɗaki da tabarma inda yarinya za ta kwanta sa'a ɗaya ta koma aji, maimakon a sallame ta gida yini ya tafi. Makewayin mata ya kasance da ƙyaure da ruwa. Malami namiji in yarinya ta nemi izinin fita, ya bar ta, kada ya tsare ta da tambaya a gaban aji. Akawun da ke tsara kuɗin makarantu kuma ya tuna audugar mata da sabulu kayan karatu ne kamar alli. Maigida shi ma ya san in ya ga 'yarsa kwance ko wane wata, ya tambayi uwarta, ya ba da kuɗin asibiti.

Yarinyar nan ta rajista, malamar ta je gidansu ta yi magana da uwarta, aka kai ta asibiti. Ba a sami wata cuta ba, sai ƙarancin jini kaɗan, aka ba ta ƙwayar ƙarin jini da ibuprofen, aka koya mata ta riƙa rubuta ranar da al'adarta ta zo a bayan littafinta don ta san lokacin da za ta fara sha. Da na koma zangon karatu na gaba na sake karɓar rajistar. Fashinta ya sauko zuwa kwana ɗaya a wata, wani watan ma babu. Na juya shafi zuwa aji na ƙasa, na sami sunaye biyu da irin waccan alama, na yi musu ɗigo da jan alƙalami na miƙa wa malamar.