Gine-ginen da Turawan Ingila suka bari a Katsina da Kano: abin da ya kamata ku sani

Mutumin Azagor ko Dakoro bai zauna ƙarƙashin Ingila ba, Faransa ce ta mulki ƙasarsa. Amma duk wanda ya bi ta Maraɗi, ya ƙetara ta Jibiya zuwa Katsina ko Kano, ya wuce ta gaban gine-ginen Turawan Ingila, wataƙila bai ma shaida su ba. Dalili kuwa, na farkon ba su yi kama da ginin Turai ba.

Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, siminti da kwano sai an yo dakonsu daga bakin teku, jirgin ƙasa kuma bai iso Kano ba sai 1911. Dole suka nemi maginan gari. Tubali, azara, makuba, rufin soro da bakan gizo, da su aka yi ofisoshi da gidajen Turawa na farko. Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano, inda Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a garin a 1909, ya zauna, ginin ƙasa ne. Haka Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. An mayar da makarantar zuwa Kaduna a 1938, daga can zuwa Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Tsohon ginin na Katsina ya zama gidan tarihi. Bature ya kawo manyan tagogi da baranda, sauran aikin na magini Bahaushe ne, kodayake sunan Baturen aka fi riƙewa.

Daga baya kwano da siminti suka yi yawa, suka zama alamar arziki, har mai gida ya fara jin kunyar soro. Ga shi kuwa ɗakin kwano a watan Afrilu ba ya zaunuwa da rana.

A ganina, gadon da ya fi nauyi yana cikin yadda aka yanka gari. Dokar birane ta 1917 ta ware unguwar Turawa, wato GRA, ta sa a bar fili na yadi 440, kimanin mita 400, tsakaninta da gidajen 'yan ƙasa, wai don gudun zazzaɓin cizon sauro. A Kano, baƙi daga kudu aka kai su Sabon Gari, Kanawa suka zauna cikin ganuwa. Turawa sun tafi a 1960, manyan ma'aikata da attajirai suka gaje unguwar, da itatuwanta da faffaɗan filayenta, kuma har yau fili a Nassarawa GRA ba na kowa ba ne.

Faransawa ma sun yanka nasu garin. Bayan ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945, sun ɗauke Maraɗi daga kwari suka hau da ita tudu, suka ja mata tituna miƙaƙƙu da suka gitta juna, waɗanda motocin Dakoro ke bi yau idan sun shigo gari.