Ɗumama ruwa da hasken rana: Lissafin da ya kamata magidanci ya yi kafin ya saya

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, ruwan wanka kan koma wata ɗawainiya ta daban a gidajen Kaduna. A unguwanni irin su Narayi da Barnawa da Sabon Tasha, inda 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati ke sammakon fita, akan ɗora tukunya a kan gas tun asuba, ko a tsoma hita a bokiti idan an tashi da wuta, ko kuma a hura gawayi. Kowace hanya da kuɗinta, amma ba kasafai magidanci ke ware wannan kuɗi ya gan shi a fili ba, domin yana ɓoye ne a cikin katin mita da cikon tukunyar gas.

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da ƙarin kuɗin wutar da Hukumar NERC ta yi wa 'yan Rukunin A a watan Afrilun 2024, lokacin da yunit ɗaya ya tashi daga ƙasa da Naira 70 zuwa Naira 225, mutane suka fara waiwayar duk wani abu da ke cin wuta a gida. Daga baya an rage farashin zuwa Naira 206.80, sannan a watan Yulin shekarar ya koma Naira 209.50. A nan ne maganar na'urorin ɗumama ruwa marasa cin wuta ta fara shiga hirar magidanta. Iri biyu ne ake yawan ambata: mai aiki da zafin rana, da kuma mai zuƙo zafi daga iska.

Nawa ruwan zafi yake ci?

Lissafin ba shi da wuya. Ɗaga zafin bokiti mai lita 20 daga digiri 20 zuwa digiri 60 a ma'aunin Salshiyas yana cin kusan yunit ɗaya na wuta. Lita 100 ke nan za ta ci yunit huɗu da rabi da ɗoriya, idan aka haɗa da zafin da ke salwanta a hanya sai a ce biyar. Wannan lita 100, idan aka surka ta da ruwan sanyi, za ta ba da wajen bokiti goma na wanka, abin da zai wadaci matsakaicin iyali a rana.

Ga wanda ke biyan Naira 209.50, yunit biyar ya haura Naira 1,000 a kullum, wato sama da Naira 31,000 a wata, ban da harajin VAT. Wanda ke Rukunin B ko C ko D yana biyan ƙasa da haka, sai dai shi kuma awannin wutarsa ba su kai ba. A ƙa'ida Rukunin A ne ke da alƙawarin awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa takwas, E kuma awa huɗu. Don haka abu na farko shi ne mutum ya duba rasit ɗin katinsa na Kaduna Electric ya san rukunin da layinsa yake.

Shi ma gas ba a bar shi a baya ba. Kusan rabin zafin da murhu ke bayarwa yana bin iska ne ta gefen tukunya. Gidan da ke dafa lita 100 a kullum da gas zai ƙarar da tukunya mai kilo 12 da rabi cikin ƙasa da mako uku, ko da ba a girka komai da ita ba. Gidan da ke da mai jego kuwa, wadda bisa al'ada ke wankan ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in, ya san yadda itace da gawayi ke ƙarewa.

Yadda mai aiki da rana take

Sau da yawa akan rikita wannan na'ura da farantin sola mai ba da lantarki, alhali aikinsu daban ne. Farantin sola yana mayar da hasken rana wutar lantarki, kuma kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da ya sauka a kansa yake iya kamawa. Ita kuwa na'urar ɗumama ruwa zafin take kamawa kai-tsaye ta zuba shi a cikin ruwa, kuma mai kyau tana iya riƙe rabin abin da ya sauka a kanta ko fiye. Wannan ne ya sa haɗa hita da inbata ke zama asara, domin hita mai wat 1,500 tana iya zuƙe batir kafin gari ya waye.

Na'urar ɓangare biyu ce: makamin zafi, da tankin ajiya a samansa. Makamin zafin ko dai shimfiɗaɗɗen akwati ne mai murfin gilashi da baƙin faranti da bututun jan ƙarfe a ciki, ko kuma jerin dogayen kwalabe na gilashi mai ruɓi biyu da aka zuƙe iskar da ke tsakaninsu, kamar cikin fulas ɗin shayi. Idan rana ta bugi ruwan da ke ciki sai ya yi zafi, ruwan zafi kuma ya fi na sanyi rashin nauyi, sai ya hau sama ya shiga tanki, na sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Haka ruwan zai yi ta kewayawa har faɗuwar rana ba tare da injin ko wutar lantarki ba. Shi kuma tankin an naɗe shi da abin da ke hana zafi fita, shi ya sa ruwan da ya ɗumama da azahar ke kai wa wankan asuba.

Wannan fasaha ba sabuwa ba ce. Tun a 1891 wani Ba'amurke mai suna Clarence Kemp ya yi rajistar irinta ta sayarwa a birnin Baltimore. Isra'ila ta wajabta sanya ta a akasarin sababbin gidaje tun 1980, a tsibirin Saifurus kuma sama da kashi 90 cikin 100 na gidaje da ita suke wanka. A nan gida, Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana ƙera irin waɗannan na'urori. Rana kuwa ba ita ce matsalar Kaduna ba: a matsakaicin lissafi, kowace murabba'in mita guda tana samun zafin da ya kai yunit biyar zuwa shida a yini.

Mai zuƙo zafi daga iska

Ta biyun tana aiki da lantarki, amma ba ta ƙona waya ta yi ja kamar hita. Duk wanda ya taɓa bayan firiji ya ji ɗumi ya riga ya san sirrinta. Firiji yana kwashe zafin da ke cikinsa ya watsar a waje, ita kuma wannan na'ura tana kwashe zafin da ke cikin iskar waje ta zuba shi a tankin ruwa. Da yake ɗauko zafin take yi daga wani wuri, yunit ɗaya na wuta yana ba da zafin da hita za ta ci kimanin yunit uku kafin ta bayar. Gidan da ke kashe yunit biyar zai koma ƙasa da biyu.

Yanayin ƙasa mai zafi kamar tamu ya dace da ita, kuma ba ruwanta da hadari ko dare. Amma tana da sharuɗɗa. Tana ɗumama ruwa a hankali cikin awanni, don haka tana son wuta mai tsayawa. Tana da injin matsa iska irin na firiji da na'urar sanyaya ɗaki, wanda wuta mai hawa da sauka ke saurin lalatawa. Gyaranta kuma sai ƙwararre. Ta fi dacewa da otal, ko asibiti, ko gidan da ke da wadatacciyar wuta ko babban tsarin sola. Ga yawancin magidanta, wadda ba ta jiran a kawo wuta ita ce ta fi kusa da buƙata.

Abubuwan da za a duba a gida

Na farko shi ne ruwa. Gidaje da dama a Narayi da kewaye sun dogara ne da rijiya ko burtsatse da tankin sama. Dole tankin ruwan sanyi ya fi na'urar tsawo domin ruwa ya gangaro mata da kansa. Idan aka bar mai kwalabe ta bushe a rana, sannan aka sako mata ruwan sanyi da tsakar rana, gilashin yana iya fashewa. Idan kuma ruwan rijiyar gidan yana barin farin ɓawo a gindin butar shayi, to haka zai bari a cikin na'urar, sai an riƙa wanke ta lokaci-lokaci.

Na biyu shi ne nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 200 ya haura kilo 200 idan aka haɗa da ƙarafansa. Ba kowane rufin kwano mai katako ne zai ɗauki wannan ba. Ya fi aminci a yi mata dandamalin ƙarfe nata, a wurin da inuwar bishiya ko bene ba ta kaiwa. Da yake Kaduna tana wajen digiri goma da rabi arewa da tsakiyar duniya, ana fuskantar da na'urar kudu, domin a watannin sanyi rana ta wannan ɓangaren take karkata.

Na uku shi ne ƙura da hadari. Lokacin da aka fi buƙatar ruwan zafi shi ne lokacin da hazo ke rage ƙarfin rana, ƙura kuma ke kwanciya a kan gilashi. Maganin ƙura shi ne gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, da sassafe ko da yamma, aƙalla sau ɗaya a mako. A watan Agusta kuma, idan aka jera kwanaki ana lumshi, ruwan ɗumi kawai za a samu. Saboda haka ne wasu tankunan ke zuwa da ƙaramar hita a ciki domin irin waɗannan ranaku, amma idan aka bar ta a kunne kullum to an koma gidan jiya.

Na huɗu shi ne kariya. A watan Maris da Afrilu ruwan cikin tanki yana iya kusantar tafasa. Gidan da ke da yara ko tsofaffi yana buƙatar bawul mai surka ruwa kafin ya iso banɗaki, da wata mai sakin tururi idan matsi ya yi yawa. A kuma tabbatar mai aikin famfo ya sa bututun da aka yi domin ruwan zafi, saboda na roba na gama-gari yana laushi ya tsage.

Yaushe kuɗin zai dawo?

A nan ne mai saye ya kamata ya natsu, domin mai sayarwa yakan yi lissafi kamar kwana 365 ake wanka da ruwan zafi. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, an ce na'urar da kuɗin ɗaurawa Naira 600,000 ne. Gidan da ke Rukunin A kuma yake amfani da lita 100 duk shekara yana kashe wajen Naira 380,000, don haka cikin shekara biyu zai mayar da kuɗinsa. Gidan da ba ya neman ruwan zafi sai daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa, wajen Naira 125,000 yake kashewa, shi zai jira kusan shekara biyar. Wanda ke ƙaramin rukuni zai jira fiye da haka, sai dai ya kwatanta da kuɗin gas ko gawayin da yake ƙonawa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, amma sai an san zurfin rijiyar.

Ɗan haya kuma lamarinsa daban ne. Kafin ya huda bango ko ya kafa dandamali, ya kamata ya samu amincewar mai gida a rubuce, a fayyace ko zai tafi da na'urar ranar da zai tashi, ko za a cire kuɗinta daga haya. Wanda bai da halin saye ma bai rasa dabara ba: baƙar jarka da aka cika aka ajiye a rana tun hantsi tana ba da ruwan wankan yamma, kamar yadda iyaye mata suka saba shanya bokiti a tsakar gida.

Wajen saye, a tambayi irin ƙarfen da aka yi cikin tankin da shi, a nemi takardar garanti, a kuma tabbatar ana samun kwalaben canji a cikin gari, domin araha ba ta ado. Kafin duk wannan, magidanci ya ɗauki mako guda yana ƙirga bokitin da ake ɗumamawa a gidansa da abin da ake kashewa a kai. Wannan adadi ne zai gaya masa girman tankin da yake buƙata, da kuma ko lokacin sayen ya yi.