Gidan gado a Yamai: a fidda lanho kafin a raba kuɗi



Yau zancenmu ba na iri ba ne, ba na taki ba. Amma zance ne da ake yawan tare mu da shi, mu malaman gona, in mun zo rangadi. Mutumin ƙauye ya tafi Yamai cin rani tun yana saurayi. Allah ya buɗa masa, ya sayi fili, ya gina gida, ya tsufa can, ya rasu. Matarsa ta farko da ɗiyanta suna ƙauye, amarya da nata suna birni. Dangi sun taru sun ce a sayar da gida a raba. An naɗa wakili. To, daga nan ne ake samun rigima, domin mutane da yawa ba su san gwamnati tana da hakki cikin ribar gidan da aka sayar ba. Wanda ya raba kuɗi bai fidda wannan hakki ba, ya ɗauro wa kansa kaya.

Me ya sa gidan Yamai ya yi tsada?

Yamai ta zama babban birnin ƙasa a 1926. A ƙidayar 1988 mutanenta sun kusa dubu 400. A ƙidayar 2012 sun wuce miliyan 1. Unguwanni kamar Bukoki, da Talaje, da Lazare inda aka sauke waɗanda fari ya koro a 1974, da can bakin gari suke. Yau suna cikin gari. Harobanda ma, ƙetaren gulbi, ta cika tun da aka buɗe gadar Kenedi a 1970. Bayan haka, a watan Janairu na 1994 an karya darajar sefa da rabi, tsadar siminti da ƙarfe da kwano ta hau.

Saboda haka filin da uba ya saya da jika kaɗan, yau miliyoyi ake taya shi. Abin da ke tsakanin kuɗin jiya da na yau, shi ake kira riba. Kuma a kan wannan riba ce lanho yake hawa.

Lanhon riba, mene ne shi?

Kundin dokokin lanho da aka sa wa hannu ran 20 ga Yuni 2012 ya ƙunshi lanho a kan ribar sayar da gida ko fili. Ba Nijar kaɗai ba ce. Makwabciyarmu Najeriya ta kafa irin wannan doka tun 1967, Faransa ma tana da tata.

Ku riƙe abu guda: ba a kan dukan kuɗin ciniki ake lissafi ba. Ana ɗaukar kuɗin da aka sayar, a ɗebe abin da gidan ya ci, saura shi ne riba. Kamar manomin albasa ne. In ya sayar da buhu, sai ya fidda kuɗin iri, da taki, da ban ruwa, da mota, sannan ya san abin da ya samu.

Ga misali, don lissafi kawai. Uba ya sayi fili jika 500. Ya kashe miliyan 5 da jika 500 wajen gini. Duka miliyan 6 ke nan. Magada sun sayar miliyan 20. Riba miliyan 14. Mu ɗauka an ce a biya 5 bisa 100. Lanho ya zama jika 700.

Amma in takardun gini sun ɓace, takardar fili kaɗai ta rage, kuma ita kaɗai aka karɓa? Riba ta koma miliyan 19 da jika 500, lanho ya zama jika 975. Ɓatan takarda ya ci wa marayu jika 275. Ga amfanin karatu: ku adana rasit na siminti, da na ƙarfe, da yarjejeniyar magini, cikin leda, cikin akwati, nesa da gara da ruwa.

Wanda ya gaji gida bai biya ko dala ba wajen sayensa. Shi ya sa a ƙasashe kamar Faransa da Amurka, darajar gida a ranar rasuwa ita ake ɗauka a madadin kuɗin saye. Dabara ita ce, da an ƙare zaman makoki, a bido wanda ya san tsadar gidaje ya ƙiyasta gidan, a rubuta cikin takardun gado. Wakili ya haɗa wannan takarda da tsofaffin rasit ya kai ofishin lanho. Dokar kasafin kuɗi ta kowace shekara tana iya sake adadin da ake biya da yadda ake lissafi. Don haka kada ku dogara da abin da wani ya biya bara. A bar ma'aikacin lanho ya yi lissafi bisa dokar shekarar da ake ciki, ya rubuta, wakili ya kawo wa dangi su gani.

Takardun da wakili zai tara

Na ɗaya, takardar mutuwa. A ofishin magajin gari ko wurin da ake rubuta haihuwa da mutuwa ake samunta. In an bari lokacin da doka ta yanke ya wuce, sai an bi ta gidan shari'a, ga wahala ga ɓata lokaci.

Na biyu, takardar taron dangi. A cikinta ake rubuta sunan kowane magaji, da sunan wakilin da aka zaɓa. Ana kai ta gaban alƙali ya tabbatar. A ƙasarmu, tun dokar 16 ga Maris 1962, shari'ar gado tana bin al'adar masu gado, kuma alƙali yana zama da mashawarta masana al'ada da addini. Dokokin da suka biyo baya ba su kau da wannan ba. Birnin Yamai an kasa shi gunduma 5, wakili ya tambayi gidan shari'ar da zancen ya shafa.

Na uku, takardar gidan kanta. Akwai wadda magajin gari ke bayarwa in an yanka fili, wadda ake kira akt. Akwai babbar takardar mallaka, titir fonsiye, wadda asalinta dokar 26 ga Yuli 1932 ce ta zamanin Turawa. A 2006 an shigo da hanya mai sauƙi ta samun titir, aka sa mata sunan Hausa, Sheda. Gida mai titir ya fi daraja a kasuwa, kuma ya fi wuyar cuta. Ku lura, takardar gida a birni dabam take da takardar gona. Ta gona, kwamitin Kofo ke bayar da ita, bisa dokar karkara ta 2 ga Maris 1993.

Na huɗu, takardar ciniki. A yi ta gaban notar, wato ma'aikacin shari'a mai rubuta cinikin gida da fili. Kuɗin rajista da na sake suna, yawanci mai saye ke biya. A faɗa a fili tun kafin a sallama, a rubuta wanda zai biya kowane abu.

Na biyar, rasit na lanho. In babu shi, aikin wakili bai ƙare ba.

Tarko biyu

Tarko na farko shi ne rage kuɗi a takarda. Dillali ko mai saye zai ce wa wakili: "Malam, mu rubuta miliyan 12, sauran miliyan 8 in ba ka a hannu, lanho ya ragu." Kada ku yarda. Ofishin lanho yana da ikon sake ƙiyasta gida in ya ga kuɗin da aka rubuta bai kai ba, ya ƙara da tara. Kuma wa zai shaidi miliyan 8 da ba a rubuta ba? Gwauruwar da ke ƙauye da ɗiyanta, abin da ke takarda shi kaɗai za su iya nema gaban alƙali. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Tarko na biyu shi ne gaggawa. Kuɗi sun shigo hannu, kowa yana kira a waya, wannan zai yi aure, wancan zai biya bashi. Wakili ya ji kunya ya raba duka. Bayan wata biyu takardar lanho ta iso. Wa zai maido? An sayi shanu, an yi biki, an tafi Makka. Sai wakili ya sayar da tasa gona ya biya, ko ya shiga bin ƴan'uwa gida gida. Daga nan zumunci ya lalace.

Yadda ake jera lissafi

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun koya mana tsari. Ana fara fidda kuɗin jana'iza, sannan bashin mamaci, sannan wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba saura. Abin da cinikin gida ya ci, shi ma kafin rabo ake fidda shi, domin ba a raba abin da bai zama na magada ba. A duba kuma ko akwai tsohon lanhon gida, ko kuɗin ruwa da na wuta da ba a biya ba.

Mu koma misalinmu. An sayar miliyan 20. Lanhon riba jika 700. La'adar dillali da kuɗin takardu, mu ce jika 500. Bashin mamaci da na ruwa da wuta, jika 800. An fidda miliyan 2, saura miliyan 18.

Mamaci ya bar mata 2, ɗiya maza 2, ɗiya mata 3, iyayensa sun riga shi rasuwa. Mata suna da tumuni, wato kashi 1 cikin 8: miliyan 2 da jika 250. Kowace ta sami miliyan 1 da jika 125. Saura miliyan 15 da jika 750. Namiji yana da rabon mace 2, kashi 7 ke nan. Kowace ɗiya mace miliyan 2 da jika 250, kowane namiji miliyan 4 da jika 500. Ku ɗauki alli ku sake lissafin a kan allo, za ku tarar ya cika daidai.

Aikinku, ku da kuka yi karatu

A kowane gida yanzu ana samun wanda ya iya karatu da lissafi. In an yi rasuwa, ku ne idon dangi. Ku nemi a karanta muku kowace takarda, a fassara da Hausa, kafin kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Ku buɗe littafi guda, ku rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, da rana da wata. Ku tabbata sunan kowace mace da kowane yaro ya shiga takardar taron dangi, har da wanda ke ƙasar waje. Rabon maraya a ajiye shi hannun wanda alƙali ya sani. Wanda ya karɓi rabonsa ya sa hannu gaban shaidu 2.

Ku kuma wakilai, amana ce aka ɗora muku. Wakilin da ya nuna takarda bai rage girmansa ba, ya tsare mutuncinsa ne. Kuɗin mota da na takardu da kuka kashe, ku rubuta, a biya ku cikin dukiya da sanin kowa.

In rabo ya zo hannu, a tuna gumin uba ne na shekara da shekaru. Shanun huɗa, ko amalanke, ko rijiyar lambu, sun fi kuɗin da aka ɗaure a bakin zane daɗewa.

Ku karanta wa jama'a wannan shafi a wurin sauraron rediyo, ku tattauna, ku aiko da tambayoyinku. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damana mai albarka.